Wasiƙar Kawu da Littafin Norman Lewis: Sharhi Kan Word Power Made Easy

Akwai wani littafi da nake yawan gani a hannun ɗalibai a Yamai cikin 'yan shekarun nan, wasu na takarda, wasu a cikin waya. Sunansa Word Power Made Easy, na wani Ba'amurke mai suna Norman Lewis. Tun da aka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki, na lura masu neman Ingilishi sun ƙaru, masu tambayata game da littafin nan su ma sun ƙaru. Ƙannena da ɗaliban da nake koyarwa da yamma sukan tare ni da tambaya ɗaya: “Mushe, mu saya ko kar mu saya?” Amsar da nake ba su a tsaye ba ta taɓa gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta da tsawo.

Ina ganin ina da bakin magana a kansa. Na karance shi daga bango zuwa bango har sau biyu, na cika gefen shafukansa da rubutu, ya kuma taɓa jawo wa kawuna asara ta hannuna. Zan zo kan wannan. Kafin nan, in na ce Ingilishi a wannan rubutu, Turancin Ingila nake nufi, tunda a wajenmu kalmar Turanci takan haɗa har da Faransanci.

Littafin da mai shi

An haifi Norman Lewis a birnin New York a 1912, ya rasu a 2006. Malamin harshe ne da ya ƙare rayuwarsa kan koyar da nahawu da kalmomi. Ya fitar da wannan littafi a 1949, bayan wani da suka rubuta tare da Wilfred Funk a 1942, wanda tun daga sunansa ya yi wa mai karatu alkawarin ƙarfafa masa kalmomi cikin kwana 30. An sha sake buga Word Power Made Easy, an yi masa gyare-gyare, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai a Indiya wajen masu shirin jarrabawar shiga manyan makarantu da neman aiki. Bugun Indiya mai arha shi ne na saya a wata rumfar littattafai a Sakkwato, a hutun da na gama lise ina jiran shiga jami'a.

Zubinsa mai sauƙi ne. Yana farawa da gwaji don mai karatu ya auna kalmomin da yake da su. Daga nan sai babi-babi, kowanne da fagen da ya ɗauka: halayen mutane, ire-iren likitoci, masana kimiyya, maƙaryata, salon magana, har da babin zagin abokin gaba da na yabon aboki. Kowane babi yakan ɗauko kalmomi kamar goma, ya fara kwatanta ma'anarsu, sannan ya kawo su, sannan ya fasa kowace ya nuna tushenta na Latin ko na Girkanci, ya jawo 'yan uwanta da suka fito daga tushe ɗaya. Bayan haka sai atisaye iri-iri da bita. An yanka aikin zama-zama, yadda mutum zai iya yin ɗaya a rana, an kuma tsarma 'yan hutu a tsakani inda ake taɓa nahawu da ƙa'idar rubutu.

Abin da ya iya

Ba zan rage wa Lewis haƙƙinsa ba. Akwai abu uku da ya fi yawancin masu irin wannan littafi iyawa.

Na farko, yakan sa ka ji yunwar kalma kafin ya miƙo maka ita. A babin maƙaryata, misali, sai ya zana maka mutumin da ya yi suna a ƙarya, da wanda ya ƙware har ba a kama shi, da wanda duk horon duniya ba ya gyara shi, da wanda ƙarya ta zame masa ciwo, da mai zaƙin baki. Kana karantawa kana tuno mutanen unguwarku ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da kalmar za ta iso, ta riga ta sami wurin zama a kanka. Wannan ya sha bamban da jerin kalmomin da ake turo mana a waya, kalma a hagu ma'ana a dama, wanda mutum zai haddace da safe ya nema ya rasa da la'asar.

Na biyu, koyarwa ta hanyar tushe. Ɗauki kalmar Latin “grex”, wato garke. Daga cikinta aka sami “gregarious”, mai son shiga jama'a, da “segregate”, ware wani daga garke, da “congregation”, taron jama'a, da “egregious”, abin da muninsa ya sa ya fita daban a cikin garke. Ka koyi ɗaya ka tafi da huɗu. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin haka kalmominmu na aro daga Larabci suke. Hukunci, hukuma, hikima da hakimi duk 'ya'yan tushe ɗaya ne. Wanda aka nuna wa wannan sau ɗaya, ba zai sake kallon kalmomin nan a warwatse ba.

Na uku, maimaici. Littafin ba ya barin kalma ta wuce sau ɗaya. Za ka furta ta, ka haɗa ta da ma'anarta, ka amsa tambaya a kanta, ka tuno ta daga harafin farko, sannan ta sake tare ka a bita. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna da gwaji cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a kan kari ita ke rage ta. Duk wanda ya zauna gaban allo ya san haka tun kafin a gaya masa: karatun da ba a tilawarsa gudu yake yi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya je ya saya. To amma akwai wasiƙar Kawu.

Wasiƙar

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne, yana lodinta daga Galmi zuwa Kumasi. A shekarar da nake magana albasa ta yi kwantai, kuɗin hayar sito na wata biyu suka taru masa. Mai siton ba Bahaushe ba ne, wani tsohon ma'aikaci ne da ya fi son komai a rubuce. Kawu ya dawo gida neman kuɗi, ya same ni a zaure da littafin nan a hannu.

“Kai ɗan boko, zo ka rubuta mini takarda da Ingilishin nan naka. Ka ce ya yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa, in hali ya yi ma zan rage wani abu kafin nan. Ka tausasa harshe, mutumin kirki ne.”

“An gama, Kawu.”

Na kwana ina rubutu. Duk wata babbar kalma da na tara a makonnin nan sai da na nema mata gurbi. Na kira mai siton “magnanimous”, na kira halin da kasuwa ke ciki da wata kalma mai gaɓa biyar. A tsakiyar wannan ado sai na rubuta “we demand”, ina nufin muna roƙo, domin a Faransanci “demander” roƙo ne ko tambaya. A Ingilishi kuwa “demand” nema ne da gadara, irin na mai bin bashi. Na ƙara da “eventually”, ina nufin “éventuellement”, wato in hali ya yi. A Ingilishi ma'anarta ita ce wata rana dai, ko ba jima ko ba daɗe. Abin da ya isa hannun mutumin ke nan: wanda ake bi bashi yana ba da umarni a ƙara masa lokaci, yana cewa zai rage wani abu duk ranar da ya ga dama, ga kuma kirarin da ya fi kama da ba'a.

Amsa ta zo a layi biyu: “I will not put up with this. Clear out by Friday.” Babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba tun ajin farko na kolej. “Put” sawa, “up” sama, “clear” abin da yake a fayyace. Na haɗa lissafina, na ce wa Kawu da alama mutumin yana cewa ba zai ɗaga kuɗin haya sama ba, kuma yana so a fayyace magana kafin Juma'a. Kawu ya yi hamdala. Ranar Asabar yaronsa ya bugo waya daga Kumasi cewa buhuna suna waje. Abin da mutumin ya ce shi ne ba zai lamunci wannan ba, a kwashe kaya a bar masa wurinsa.

Sai da wani dattijo a Zangon Kumasi ya karanta takardun biyu, ya taka da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ya bayyana cewa yaro ne ɗan lakwal ɗin Faransanci ya rubuta, sannan aka mayar da kayan. Buhunan da suka kwana a waje wasu ba su ƙara moruwa ba. Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki littafin ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni abin da ke ciki. Na lissafa masa babi-babi, har na zo kan na zagin abokin gaba.

“To, babu babin ban haƙuri?”

Babu. Tambayar nan ta Kawu ita ce sharhi mafi kaifi da na taɓa ji a kan littafin.

Wa aka rubuta wa?

Wani zai ce laifina ne, Lewis bai aike ni ba. Gaskiya ne, kuskuren “demand” daga Faransanci ya zo. Abin da nake tuhumar littafin da shi shi ne ƙarfin halin da ya ba ni. Gwajin da ke farkonsa na ci shi da maki mai kyau, na tashi ina jin na wuce matsakaicin Ba'amurke, alhali ban iya karanta layi biyu na mai sito ba. Yaya aka yi haka?

Amsar tana cikin tarihin Ingilishi. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan ƙarni uku, talakawa kuma suka ci gaba da harshensu na gado, ɗan uwan Jamusanci. Daga baya masana suka yi ta kwaso kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci. Shi ya sa Ingilishi ya zama kamar gidan bene. A ƙasa akwai gajerun kalmomin gida da gona da kasuwa, a sama akwai na fada da makaranta. Saniya tana kiwo sunanta “cow”, in ta hau teburin masu gari ta koma “beef”, daga “bœuf”. Tunkiya “sheep” ce, namanta “mutton”, daga “mouton”. Tambaya ma hawa uku gare ta: “ask”, “question”, “interrogate”.

Lewis ya rubuta littafinsa ne don Ba'amurke baligi wanda ya sha hawan ƙasa a nono, abin da ya rage masa shi ne matakalar hawa sama. A wurin wannan mutum “put up with” ba darasi ba ne, “misanthrope” ita ce darasi. Mu da muka bi ta lakwal ɗin Faransanci lamarinmu a juye yake. Wanda ya ji sunan wasan Molière na 1666 a aji ya riga ya san “misanthrope”. Altruiste, égoïste, taciturne, dermatologue, cardiologue, duk muna da su, sai dai a sauya musu wutsiya da lafazi. Littafin sai ya riƙa sayar mana da abin da ke aljihunmu, muna murna muna cewa muna ci gaba. Mun hau bene ta taga, ba mu san inda ƙofar gida take ba. Ko kalma ɗaya kuma ba zai gargaɗe ka ba a kan kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma suka saɓa a ma'ana, irin su “actually”, “library”, “sensible”, “attend” da “deception”, domin wanda ya rubuta dominsa bai da wannan matsala.

'Yan uwanmu na Najeriya da Gana, da suka yi boko da Ingilishi tun firamare, sun fi mu cin moriyar darasin tushe, tunda ba su da Faransancin da zai ba su shi kyauta. Amma sauran aibobin da zan ambata sun shafe mu gaba ɗaya.

Ci da sha

A ce wani Bature ya zo koyon Hausa, aka ba shi littafin da ya tara masa kalmomi irin su mustahili, tababa, muƙarrabai, tsatstsauran ra'ayi. Ya haddace su tsaf. Sai ya shiga kasuwa ya ji ana cewa wane ya ci amana, wance ta ci jarrabawa, an ci wa wane mutunci, kasuwa tana ci, wuta ta ci rumfa, ya ci bashi, an ci shi tara. Ya juya ya ji wani ya sha kashi, wani ya sha alwashi, wani ya fita shan iska, wani ya sha da ƙyar, wani an sha kansa. A littafinsa ci na tuwo ne, sha na ruwa. Wa zai ce wannan ya ji Hausa?

To haka “get”, “put”, “take”, “set” da “run” suke a Ingilishi. Babban ƙamus na Oxford, a bugunsa na 1989, ya jera wa aikatau “set” ma'anoni 430, da aka sake bitar “run” kuma aka samo mata 645. Zurfin harshe a irin waɗannan yake ɓuya. Kalma mai gaɓa biyar galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu, ka duba ƙamus sau ɗaya kun rabu. Mai harafi uku ita ce za ka shekara goma kana bi ba ka ƙure ta ba. Sunan littafin ya sa mai koyo ya ɗauka ƙarfi yana wajen dogayen, sai ya raina gajerun, alhali su ne suka fitar da buhunan Kawu waje.

Ba ina cewa yawan kalmomi ba shi da amfani ba. Masu bincike sun auna abin. Jerin kalmomi kusan 2,000 da Michael West ya fitar a 1953 ya ƙunshi wajen kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin rubutu na yau da kullum. Paul Nation na ƙasar New Zealand kuma ya lissafa a 2006 cewa mai son karanta littafin labari ko jarida ba tare da ya riƙa tsayawa ba, wato ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi, yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. Ɗalibinmu da ya gama lise yana can kusa da na farko. Dubban da suka rage masa yawancinsu ba na ƙawa ba ne. Irin su “shrug”, “stumble”, “grudge”, “blunt” da “sheer” ne, waɗanda ke tsayar da mutum sau biyar a shafi ɗaya na labari. Da yawa daga kalmomin Lewis suna can gaba da wannan iyaka, wasu sai ka shekara ba ka gamu da su ba. Wanda ya tsallake tsakiya ya tafi can, ya sayi rawani ne bai da riga.

Sanin kalma

Aibi na gaba ya shafi abin da littafin yake kira sanin kalma. A atisayensa, in ka iya haɗa kalma da ma'anarta, ka kuma tuno ta in an kwatanta maka, ka ci. Amma ma'ana kashi ɗaya ce cikin uku. Akwai abokan tafiyar kalma, akwai kuma matsayinta.

Mu duba namu. Mutu, rasu, cika, riga mu gidan gaskiya, sheƙa barzahu, duk ƙamus zai iya ba su ma'ana ɗaya. Amma ba a cewa akuya ta rasu, kuma wanda ya shiga gidan makoki ya ce marigayi ya sheƙa barzahu, sai an fitar da shi. Muna cewa shayi mai kauri, ba mu cewa shayi mai ƙiba, ko da yake kauri da ƙiba maƙwabta ne. Haka Bature yake cewa “strong tea” amma “heavy rain”, in ka musanya su ya gane ka, sai dai ya san baƙo ne. Kalmar “magnanimous” da na jefa wa mai sito ma'anarta daidai ce, mai babbar zuciya. Matsayinta ne ya fi ƙarfin wasiƙar haya, kamar ka je sayen goro ka yi wa mai goro kirarin sarki. Irin wannan sani ba ya samuwa sai mutum ya ga kalma sau da yawa a bakin masu ita, a wurare daban-daban. Jimla ɗaya ko biyu da aka ƙera don darasi ba za su ba da shi ba.

Ko darasin tushen da na yaba yana da iyaka. Tushe tarihin kalma yake faɗa, ba lallai ya faɗi inda take a yau ba. Almajiri daga kalmar Larabci mai nufin wanda ya yi ƙaura ta fito, ta koma mai neman ilimi, yau kuma a bakin mutane da yawa ta koma mai bara. “Nice” daga kalmar Latin mai nufin jahili ta fito. Ita kanta “egregious” yabo ce a da, wanda ya yi fice a garke, kafin ta juye ta zama suka. Lewis yakan faɗi irin wannan juyi in ya zo kansa, amma ɗabi'ar da ɗalibi ke tashi da ita ita ce kowace kalma ana iya fasa ta a haɗa lissafi. Wannan ɗabi'a ce ta sa na fasa “put up with” gida uku. Wanda ya bi wannan hanya zai ce “understand” tsayuwa ce a ƙarƙashi.

Dogon Turanci

Akwai wata da'awa da littafin ya ginu a kanta, wadda ita ce ta fi sayar da shi: cewa yawan kalmomi da cin nasara a rayuwa tare suke tafiya, don haka ƙara kalmomi ƙara rabo ne. Ana iya samun su tare, ban musa ba. Amma wanda ya tashi a gidan da ake karatu, ya yi makaranta mai kyau, ya karanta littattafai ɗari, dole ya tara kalmomi, kuma dole ƙofofi su fi buɗe masa. Karatun ne ya haifi duka biyun. Ka ga attajirai da manyan riguna, sai ka ce babbar riga ce ke kawo arziki?

Wannan da'awa ta fi haɗari a ƙasashenmu, inda harshen Bature ya daɗe yana zama sandar dukan wanda bai yi boko ba. Ba banza Bahaushe ya kira duk wata magana mai yawa marar amfani dogon Turanci ba. Wole Soyinka ya zana mana irin wannan mutum a wasansa The Lion and the Jewel, wanda aka buga a 1963. Lakunle malamin makarantar ƙauye ne da ke neman auren Sidi amma ya ƙi biyan sadaki. Da ya tashi kushe al'adar, sai ya yi ta jero mata manyan kalmomi masu ma'ana ɗaya har suka ƙare masa, ya koma ba da uzurin cewa ƙaramin ƙamus ne a hannunsa, babban yana hanya. A ƙarshe tsohon basaraken garin, Baroka, wanda ya san inda ake ajiye magana, shi ya auri Sidi. Lokacin da na fara karanta wasan na yi dariya. Da na tuna wasiƙata sai dariyar ta tsaya.

A ɗaya gefen ga Chinua Achebe. Duk wanda ya buɗe Things Fall Apart na 1958 zai ga da wuya ya bukaci ƙamus a shafi, amma littafin ya zaga duniya. Achebe ya san manyan kalmomin sarai, ya kuma san lokacin da ba a bukatarsu. Wannan sani na biyu babu babinsa a wajen Lewis. Mu masu rubutu da Hausa ma kada mu ɗauka cutar ta tsaya ga Ingilishi. Nakan ga labarin da aka cusa wa kalmomin Larabci ko tsofaffin kalmomin da marubucin kansa bai taɓa ji a bakin kowa ba, don dai a ce ya iya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To, a saya?

A saya, amma ya zama na uku.

Na farko shi ne ƙamus irin wanda aka yi domin baƙon harshe. A. S. Hornby ya koyar da Ingilishi a Japan, ya lura ɗalibansa suna sanin ma'anar kalma amma ba su iya sa ta a jimla ba. Shi ya sa ya haɗa ƙamus mai nuna yadda kowace kalma ke zama da maƙwabtanta, aka buga shi a Tokyo a 1942, Oxford ta ɗauka a 1948, shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary. In ka buɗe shi, ka fi ba misalan lokaci a kan fassarar, kuma kada ka tsallake dogayen shafukan “get” da “put” don kana ganin ka san su. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, shi ma yana da wannan kirki, domin yakan raba wa kalma ma'anoninta ya ba kowace Hausar da ta dace da ita.

Na biyu shi ne karatu mai yawa na abin da bai fi ƙarfinka ba, labarai da jaridu, tare da sauraron rediyo. In shafi ɗaya yana tsayar da kai sau ashirin, ajiye ka nemi mai sauƙi, babu kunya a ciki. Ka riƙe ɗan littafin rubutu, amma kada ka rubuta kalma ita kaɗai. Kwafe jimlar da ka tsince ta a ciki, ka rubuta wa ya faɗa, wa aka faɗa wa. Ɗan lakwal ɗin Faransanci kuma ya ware shafuka na musamman don kalmomin da suka yi kama da nasa suka saɓa.

Bayan wannan sai Lewis. A lokacin zai yi maka amfani na gaske, musamman in kana shirin jarrabawar shiga jami'ar waje ko karatun likita da shari'a. Ka bi shi zama ɗaya a rana yadda aka tsara shi, kada ka haɗiye shi cikin mako biyu don jarrabawa ta matso, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace kalma ka koya, ka jira sai ka gan ta a rubutun wani sau biyu ko uku kafin ka sa ta a naka.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo mini da littafin nan yana tambaya ko ya isa fara shi, nakan ba shi takarda da biro. Nakan ce kawunka yana da bashin haya na wata biyu a Kumasi, rubuta wa mai sito layi biyar ka nemi ya ƙara masa lokaci, yadda in ya karanta zai ji tausayi bai ji raini ba. Wanda ya iya, nakan ce ya je ya fara babi na ɗaya. Mafi yawansu sukan daɗe suna kallon takardar, sannan su tambaye ni yadda ake cewa “a yi mana haƙuri”. Daga nan muke fara darasi.